Daga Tulluwar Gidan Rumfa Zuwa Kubbar Majalisa

Duk wanda ya saba bin hanyar Dakata zuwa Bompai da safe ya san ƙarar injin walda da tartsatsinsa. Cikin kayan da maƙeran zamani ke jerawa a bakin titi, tsakanin ƙyauren gida da tankin ruwa, wani lokaci za ka hango wani abu kamar an kife ƙatuwar ƙwarya. Rodi ne aka lanƙwasa aka haɗe kawunansa a sama, ana jiran a lulluɓe shi da kwano, a shafa masa koren fenti, a ɗora shi kan masallacin wata unguwa. Kubba ke nan, irin ta yau, wadda ake gamawa cikin 'yan kwanaki.

Mu a nan, da an ce kubba sai masallaci ya faɗo mana a rai. Amma a tarihin gine-gine, kubba ta daɗe tana yi wa mulki hidima kamar yadda take yi wa ibada. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: idan ka bincika abin da aka gina kubbar gari da shi, za ka gane sana'ar da garin ke ci da ita.

Rumawa ne suka fara nuna wa duniya iyakar abin da kubba za ta iya. Ta ginin Fantiyon da ke birnin Rum, wadda aka zuba da irin kankarensu kusan shekara 1,900 da suka wuce, faɗinta ya kai mita 43, kuma har gobe tana tsaye babu rodi ko ɗaya a cikinta. Daga baya aka yi Aya Sofiya a Istanbul ta yau, a shekarar 537. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gina Kubbatus Sakhra a Ƙudus wajen shekarar 691. Kubbar da ke kan makwancin Manzon Allah (SAW) a Madina kuwa, an fara ɗora ta ne a 1279, zamanin Sarkin Misra Ƙalawun, ba a kuma shafa mata koren launin da muka sani ba sai a 1837.

Amurkawa ne suka mayar da kubba tambarin majalisar dokoki. Kubbar ginin Kapitol da ke Washington, wadda Thomas Walter ya zana, an yi aikinta daga 1855 zuwa 1866. Mai kallo daga nesa zai rantse dutse ce, alhali kuwa zubin ƙarfe ce da aka yi wa farin fenti. Nauyinta ya kai kimanin tan 4,000, kuma a masana'anta aka zuba sassanta, aka kawo aka ɗaure da kusoshi. Ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasar aikin ya ci gaba. Mutum-mutumin 'yanci da aka kafa a ƙololuwarta a 1863, cikin waɗanda suka yi aikin zuba shi har da wani bawa mai suna Philip Reid. Abin mamaki ba ya ƙarewa.

Jihohinsu suka bi sahu, kowace da irin tinƙahonta. Masacusets ma ta riga Washington kanta, domin majalisarta da ke Boston ta kammalu tun 1798. Kubbarta ta katako ce, da ta fara yoyo aka rufe ta da tagulla a 1802, aka yi mata ruwan zinariya a 1874. Teksas ta gama tata a 1888, ta kuma tabbatar ta ɗara ta Washington tsawo. Luwiziyana kuwa ta ƙi kubbar sam, ta gina dogon bene mai hawa 34 a 1932. Kowane gini da abin da yake gaya wa talakan da ya ɗaga kai ya kalle shi.

Wannan salon ya iso mana ta hannun Turawa. Zauren Lugga da ke Kaduna, inda Majalisar Dokokin Jihar Arewa da Majalisar Sarakuna suka zauna zamanin Sardauna, yana da kubbarsa, kuma yanzu shi ne mazaunin Majalisar Dokokin Jihar Kaduna. A Abuja ma, koriyar kubbar Majalisar Tarayya ce ke lulluɓe da zauren da ya raba ɓangaren sanatoci 109 da na wakilai 360.

Sai dai Kano ba ta jira Bature ya koya mata ɗaga rufi ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa gidan sarautar da har yanzu ake kira da sunansa, kuma shi ne fadar mulkin ƙasar Kano tun kafin a san kalmar jiha. Nan ake shari'a, nan ake naɗi, nan ake karɓar baƙi. Wanda ya taɓa shiga soron fada, ko na Gidan Makama da ke kusa, ya ɗaga kai, ya ga abin da maginanmu ke kira tulluwa.

Matsalar da maginin Hausa ya fuskanta mai sauƙin faɗa ce, mai wuyar warwarewa. Ba shi da dogon katako. Abin da yake da shi azara ce, wadda ake faskarawa daga giginya, gara ba ta cinta, amma idan tazarar da aka gitta ta ta kusa mita biyu, aka ɗora mata ƙasa, sai ta fara lanƙwasa. To yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki sarki da fadawansa? Dabarar ita ce bakan gizo. Ana dasa azara a jikin bango, a ɗan karkato da ita ciki, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe, sannan a ɗora wata a kanta ta ƙara miƙewa gaba. Haka ake yi daga bango biyu masu fuskantar juna har su haɗu a sama. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiya, an sami ɗaurin guga, kamar yadda igiyoyi ke haɗuwa a bakin gugan rijiya. A kan waɗannan haƙarƙari ake shimfiɗa gajerun azara, a zuba ƙasa, rufin ya tashi ya yi tulluwa, ruwan sama ya gangara ya bi indararo. Ciki kuwa sanyi kamar randa, ko da ana tsakiyar bazara.

Ƙarshen gwaninta a wannan fanni shi ne tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Masana gine-gine daga ƙasashe da yawa sun yi rubutu a kansa. A watan Agusta na 2023 wani sashensa ya rufta ana cikin sallah, aka yi asarar rayuka. Ginin ƙasa ɗan lele ne, kowace damina sai an duba shi.

Abin da ke kare tulluwa daga ruwa shi ne ya fi jan hankalina, ni da nake zaune a maƙwabtan masana'antu. Magina na yin yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Mafi ƙarfinsa kuwa shi ne laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara. Ka ga ke nan rufin fada da dattin marina da na majema ake kare shi. Abin da mai rini ya gama da shi, magini na jiransa. Rini da jima su ne suka kai sunan Kano har bakin Bahar Rum, su ne kuma suka zauna a kan soron sarkinta.

Yau majemun sun koma Challawa da Sharada da Bompai, da injuna da sinadarai. Ruwan da suke fitarwa ba mai jiransa. Na Challawa da Sharada yana gangarawa Kogin Challawa, na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara, inda masu lambu ke ban-ruwa da shi. Zaren da ya ɗaure sana'a da gini ya tsinke.

Gine-ginen mulkin zamani ma sun bi wata hanyar. Turawan da suka ci Kano a 1903 sun fara da ginin ƙasa, Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa shaida ne. Amma babban masallacin birni da aka sake ginawa zamanin Sarki Abdullahi Bayero, mai koriyar kubba da hasumiya biyu, ya nuna cewa zamanin siminti ya zo. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a ranar 27 ga Mayu, 1967, Gwamna Audu Bako ya sa gaba wajen gina ma'aikatu. Sakateriyar da ke ɗauke da sunansa, da Gidan Murtala, benaye ne na siminti da rodi da gilashi. Sun yi aikin da aka gina su dominsa, amma in ka ɗauki hotonsu ka ce a Ibadan ko Inugu suke, da wuya a ƙaryata ka. A yankin sakateriyar ne wakilai 40 na Majalisar Dokokin Jihar ke zama, suna yi wa ƙananan hukumomi 44 doka.

Ba cewa nake a koma gina majalisa da tubali ba. Kowane zamani da abin hannunsa, ko Walter da ƙarfen masana'antar zamaninsa ya yi aiki. Abin da nake ganin ya dace shi ne, duk ranar da za a gina wa Kano wani sabon zauren mulki, a zaunar da mai zanen gini da tsofaffin maginan cikin birni da maƙeran Dakata wuri ɗaya. Ɗaurin guga lissafi ne, kuma lissafi bai damu da ko azara ce ko ƙarfe ba. Sassan koyar da zanen gini a jami'o'inmu na Kano da Zariya su ne ya kamata su rubuta wannan ilimi tun masu shi na da rai.

Mai waldan da na fara da shi, in ka tsaya ka duba aikinsa da kyau, za ka ga rodinsa sun taso daga gefe sun haɗu a tsakiya. Ɗaurin guga yake yi, ko da ba wanda ya taɓa gaya masa sunansa.