Daga ba kamfanoni shawara zuwa kafa kasuwa a intanet

Akwai wata turba da masu digirin kasuwanci suka daɗe suna bi a Turai da Amurka. Matashi kan fara aiki a kamfanin ba da shawara irin McKinsey, inda yake koyon bin diddigin lissafin kamfanoni da gano inda kuɗi ke zurarewa. Daga nan wasu kan koma wurin masu tara jarin attajirai su sayi kamfani, su gyara shi, su sayar da riba. Wanda ya gaji da gyaran dukiyar wasu sai ya kafa nasa a intanet.

Sacha Poignonnec da Jeremy Hodara, Faransawan da ke cikin waɗanda suka kafa Jumia a Legas a 2012, daga McKinsey suka fito. Masu jari sun yarda da irinsu, shi ya sa kuɗi bai yi musu wuya ba. A Afrilun 2019 aka fara sayar da hannun jarin kamfanin a kasuwar New York kan dala 14.50.

Sai dai lissafin takarda daban, kasuwa daban. Kowane ɗan Kwari ya san mai saye ba ya sakin kuɗi sai ya taɓa kaya. Ga gidaje marasa adireshi, ga lalacewar hanyoyi. Asara ta yi ta taruwa, Jumia ta fice daga Kamaru da Tanzaniya, su biyun kuma suka sauka a 2022.

Magajinsu, Francis Dufay, shi ma daga McKinsey yake, amma ya shafe shekaru yana gudanar da reshen Kwaddibuwa. Da hawansa ya kwaso manyan jami'ai daga Dubai ya dawo da su Afirka, a ƙarshen 2023 kuma ya rufe sashen kai abinci.