Marian Finucane, Matar da ta Saurari Ailan

A shekarar 1974, lokacin da Marian Finucane ta kama aiki a RTÉ, gidan rediyo da talabijin na ƙasar Ailan, aikinta bai wuce sanar da shirin da ke tafe ba. Zanen gine-gine ma ta karanta a Dublin, birnin da aka haife ta a 1950. Ƙasar da ta tarar kuwa ƙasa ce mai yawan rufa-rufa. Sai a 1973 aka soke dokar da ke tilasta wa ma'aikaciyar gwamnati ajiye aiki da zarar ta yi aure. Babu saki a doka, komai lalacewar zama, kuma Cocin Katolika na da baki a makaranta da asibiti da cikin gida.

A 1979 aka ba ta shirin Women Today, na mata. Wasiƙu suka dinga zuwa daga matan da miji ke duka, da waɗanda haihuwa ta galabaitar, da waɗanda suka haihu ba aure aka raba su da 'ya'yansu. Wasu masu sauraro sun fusata, suna ganin an kwance wa ƙasa zane a kasuwa. Shekara ta zagayo ta ci kyautar Prix Italia da wani shiri da ta raka wata mata zuwa Ingila domin zubar da ciki, abin da doka ta haramta a Ailan a wancan lokacin. Ta yi magana da ita kafin tafiya, ta zauna da ita a asibiti, ta sake jin ta bakinta bayan an gama. Mutum na iya ƙin abin da matar ta aikata har cikin ransa, amma a lokacin dubban mata na yin wannan tafiya kowace shekara, ƙasar kuma na kawar da kai. Finucane ba ta yanke mata hukunci ba, ba ta kuma wanke ta ba. Bari ta yi aka ji muryarta.

Wannan halin ta kai Liveline, shirin kiran waya da ta fara gabatarwa a 1985, ta riƙe har 1999, kafin Joe Duffy ya gaje ta. Duk mai bin shirye-shiryen kiran waya ya san ciwon mai gabatarwar da ke katse mutum domin a ji tasa hikimar. Ita takan yi tambaya gajera, ta yi shiru. Shiru a rediyo abin tsoro ne ga ma'aikaci, domin daƙiƙa uku ba sauti sai a zaci na'ura ta lalace. A cikin wannan shirun ne mai kira kan faɗi abin da ya shekara ashirin bai gaya wa kowa ba.

Daga nan ta karɓi filin safe da mai gabatar da shirye-shirye Gay Byrne ya bari, a 2005 kuma ta koma Asabar da Lahadi. An soki yawan albashinta, musamman da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe bayan 2008, kuma sukar na da hujja, tunda har da kuɗin jama'a ake tafiyar da RTÉ.

Hirar da ba a manta ba ita ce ta Afrilun 2008, da ƙawarta marubuciya Nuala O'Faolain, wadda cutar daji ta ci ƙarfinta. O'Faolain ta yi kuka, ta bayyana tsoronta da yadda duniya ta fice mata a rai, ba tare da ƙarfin halin da ake so majinyaci ya nuna ba. Finucane, wadda ita ma ta binne 'yarta mai shekara takwas a 1990, ba ta lallashe ta da maganar da ba gaskiya ba, ba ta kuma yi gaggawar sauya zance ba. A ganina aikin jarida bai cika kai wa nan ba. O'Faolain ta rasu wata ɗaya bayan hirar.

Ita da mijinta sun kafa ƙungiyar Friends in Ireland, domin tallafa wa marayun da ƙanjamau ya raba da iyayensu a Afirka ta Kudu. Ba ta daina gabatar da shirinta na ƙarshen mako ba har ajali ya riske ta a gida, ranar 2 ga Janairun 2020, tana da shekara 69.