Gasar NFL ta Amurka: wa ya cancanci buga wasa a gida?

A watan Janairun 2025, ƙungiyar Minnesota Vikings ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale na NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka, da nasara 14 cikin wasanni 17. Abokiyar karawarta, Los Angeles Rams, nasara 10 kawai ta samu. Duk da haka Rams ce aka ba matsayin mai masaukin baƙi, kodayake gobarar daji ta sa aka mai da wasan jihar Arizona. Rams ta ci 27 da 9, kuma tsohuwar gardama ta sake tasowa kan yadda ake jera ƙungiyoyi a wannan zagaye.

NFL tana da ƙungiyoyi 32, an raba su ɓangare biyu, AFC da NFC. Kowane ɓangare yana da rukuni huɗu, kowane rukuni ƙungiyoyi huɗu. Tun kakar 2020, ƙungiyoyi bakwai ne ke tsallakewa daga kowane ɓangare. Zakarun rukunan huɗu su ke riƙe matsayi na 1 zuwa na 4, sai ƙungiyoyi uku da suka fi cin wasa cikin sauran su ɗauki na 5 zuwa na 7. Ta ɗaya tana hutawa a makon farko. Ta biyu ta karɓi ta bakwai, ta uku ta karɓi ta shida, ta huɗu ta karɓi ta biyar.

A nan gizo ke saƙar. Zakaran rukuni yana da tabbacin wasa a gida ko da rukuninsa na raunana ne. Vikings ta faɗo matsayi na 5 ne saboda rukuninsu ɗaya da Detroit Lions, wadda ta ci wasa 15. A kakar 2010, Seattle Seahawks ta ci bakwai, an cinye ta tara, amma ta karɓi New Orleans Saints mai nasara 11, ta kuma fitar da ita da ci 41 da 36.

Wasa a gida ba ƙaramin abu ba ne. Karawa ɗaya ce, wanda aka cinye ya tattara kayansa. Ihun ƴan kallo yana hana baƙi jin umarnin junansu a fili, ga gajiyar tafiya, ga sanyin Janairu a garuruwa irin su Buffalo.

Masu kare tsarin suna da tasu hujja. Ƙungiyoyin ba su karawa da abokan hamayya iri ɗaya, don haka nasara 12 a nan ba lallai ta fi 11 a can ba. Sannan kowace ƙungiya tana buga wasa shida da ƴan rukuninta, kuma ladan zama zakara shi ke ƙara wa waɗannan wasanni armashi.

A 2025 Lions ta kawo shawarar a riƙa jera ƙungiyoyin bisa yawan nasara, amma ta janye ta a watan Mayu ba a kaɗa ƙuri'a ba. Canza doka a NFL sai da amincewar masu ƙungiyoyi 24 cikin 32. Gasar ƙwallon kwando ta NBA kuwa tun 2015 ta koma jera ƙungiyoyi bisa nasara.

Hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce a raba lada biyu da aka haɗe wuri ɗaya. Zakaran rukuni ya riƙe gurbinsa a zagayen, don kada gasar rukuni ta rasa daraja. Amma matsayi da wasa a gida su bi yawan nasara. Da haka ake yi, da Vikings ce ta karɓi baƙi a Janairun 2025, kuma da ƙungiyar da aka cinye fiye da yadda ta ci ba ta zauna gida tana jiran wadda ta fi ta ba.