Kuɗin Inshorar Baba: Wa Ya Ci, Wa Ya Ɓoye?

Ba a kai ga sadakar arba'in ba magana ta fara yawo a gidan. Marigayin ɗan Kademi ne, ma'aikacin gwamnatin tarayya a Kano, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara. Sunan babban ɗansa ya rubuta a matsayin makusanci. Ɗakin amarya suka ce Yaya ya karɓi kuɗin inshora ya yi gum. Shi kuwa kullum yana cikin motar Gaya zuwa Wudil zuwa birni, da takardu a leda, ko sisi bai gani ba.

Kuɗin dai akwai su. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikacinsa inshorar rai, wadda ba za ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. In bai yi ba, ma'aikacin ya rasu a bakin aiki, shi zai biya daga aljihunsa. Sai dai wannan ya fi shafar ma'aikatan tarayya da na kamfanoni. Malamin firamare a Gaya ko Ajingi, haƙƙinsa na mutuwa ta asusun fansho na jihar Kano yake bi, da tsarinsa daban. Kada a ɗauki lissafin wancan a ɗora wa wannan.

Babbar ƙaryar ita ce wai wanda aka rubuta makusanci shi ne mai kuɗin. Makusanci mutum ne da za a nema in wani abu ya faru, shi ke nan. Kuɗin da ke cikin asusun fanshon mamaci ba ya fita sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiya daga kotu. Na inshora kuma, kamfani kan miƙa shi ga wanda aka ambata a matsayin mai karɓa, kuma a nan rigima take tsirowa. Malamai da yawa suna ganin amana ce aka damƙa masa, don a Musulunci babu wasiyya ga magaji. A fara biyan bashin mamaci, a fitar da wasiyyarsa in ba ta wuce sulusi ba, matan su raba tumuni a tsakaninsu, sauran a bi yadda Suratun Nisa'i ta tsara. Ni abin da ke ci mini rai shi ne marayun ɗakin amarya, ƙanana ne, ba su san ma akwai wata takarda ba, kuma su aka fi saurin dannewa.

Jinkiri fa? Gaskiya ne ana daɗewa, amma daɗewa ba shaidar sata ba ce. Sai an kawo takardar shaidar mutuwa, sai wurin aiki ya sanar da kamfani, sai sunan da ke katin ɗan ƙasa ya yi daidai da na banki. Harafi ɗaya tsakanin Muhammad da Mohammed kan mayar da mutum gida sau uku. Wanda ya ce a ba shi kaso zai fito da kuɗin da wuri, a guje shi. Kotu tana da kuɗinta da rasit, kamfani ba ya sayar da haƙƙi, in ya ƙi biya kuma a kai ƙara hukumar kula da inshora, NAICOM.

Masu cewa duk inshora haramun ce sun faɗi rabi. A 1985 majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta hana inshorar kasuwanci, ta halatta ta taimakon juna, wato takaful. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yanzu akwai kamfanoninsa a ƙasar nan. Wadda wurin aiki ya yi wa mutum ba da zaɓinsa ba kuwa, a kai wa malamin da aka yarda da shi, ya duba.

A gidan nan, liman ne ya sa Yaya ya baje takardun a kan tabarma a zaure, aka karanta kowacce da ƙarfi. Ya juya ya ce wa matar babansa, "Inna, ki ba ni mutum ɗaya daga ɗakinki, mu riƙa zuwa kotu tare." Ta ba shi ƙaninta.