Lasisin Manhaja da Harshen Na'urori a Aikin Ruwan Kogin Kano



Ruwan da ake noman rani da shi a Kura da Bunkure da Garun Malam daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Yakan ratsa Ruwan Kanya ya shiga babbar magudana, sa'an nan ya rarrabu zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir. Wani kason kuma akan sake shi cikin Kogin Kano ya gangaro Tamburawa ta ƙasar Dawakin Kudu, inda ake tace shi a tura wa birni. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da madatsar da magudanan. Ruwa ɗaya ne, masu jiransa da yawa, ƙofar da aka buɗe fiye da kima kuwa wani aka rage wa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kimanin dala miliyan 495 domin gyaran manyan ayyukan ban-ruwa na Arewa, har da na Kogin Kano. Duk inda aka zuba irin wannan dukiya, ba a daɗewa sai maganar na'urar da za ta lura da ƙofofi da famfuna daga nesa ta taso. To, abin da nake so mu duba yau shi ne ɓangaren na'urar da ba a gani da ido, gama shi ne aka fi mantawa da shi a takardar kwangila.

Kayan nan hawa uku ne. A ƙasa akwai ƙaramar kwamfuta mai juriya da ake kira PLC, wadda ke zaune kusa da famfo ko ƙofar ruwa, tana karanta ma'aunai tana kunnawa tana kashewa. An fara ƙera irinta a Amurka bayan kamfanin motoci na General Motors ya nemi a yi masa a 1968. A sama akwai allon mai kula, inda ma'aikaci ke ganin hoton famfunan, da zurfin ruwa, da gargaɗi idan wani abu ya lalace. Tsakaninsu akwai manhajar sadarwa, watau tafinta mai kai magana ya komo da amsa. Ƙarfe da waya kowa ya gan su ranar miƙa aiki, har a ɗauki hoto. Amma hawa na biyu da na uku ba sayensu ake yi ba, izinin amfani da su ake saye, shi ne lasisi.

Manomi ya san bambancin gonar gado da ta saye da ta aro da ta jingina. Lasisin manhaja ya fi kusa da aro mai sharaɗi: ka noma iyakar nan, har zuwa lokaci kaza, kada ka ba wani. Sharaɗin farko shi ne lasisin iri biyu ne. Akwai na gudanarwa, wanda ke barin allo ya yi aiki yadda aka zana shi. Akwai kuma na gini, wanda da shi ake zana allon, a ƙara famfo, a sauya iyakar gargaɗi. Na ginin ya fi tsada, kuma sau da yawa yana hannun ɗan kwangila. Hukumar da ta karɓi na gudanarwa kaɗai, ranar da ta sayi sabon famfo sai ta nemi wanda ya yi mata aikin, ta biya abin da ya yanka.

Sharaɗi na biyu ƙidaya ce. Kowane abu guda da allo ke karantawa ana ƙirga shi, masu sana'ar suna ce masa tag. Alal misali, famfo ɗaya yana da ko yana tafiya, da wutar da yake sha, da ƙarfin turin ruwa, da alamar lalacewa, da sa'o'in da ya yi: biyar ke nan. Famfo ashirin sun ci 100, ba a ko taɓa ƙofofi da tankuna ba. Manhajar WinCC ta kamfanin Siemens ana sayar da lasisinta mataki-mataki, 128, 512, 2048, har sama. Wanda ya sayi na 128 don ya sauƙaƙa kuɗin kwangila, ya ajiye wa magajinsa bashi. Wasu kamfanonin yawan shafukan allo suke ƙirgawa. Ignition, wadda ta fito a 2010, babbar kwamfutar take yi wa lasisi ba ta iyakance tag. Babu wanda ya fi a kowane hali, amma wajibi ne mai sa hannu ya san da wane mudu ake auna masa.

Har wa yau, lasisin kansa yana da mazauni. Wani yana cikin ɗan makulli da ake sokawa a jikin kwamfuta, wani an ɗaure shi da lambar kwamfutar. Idan tsawa ta ƙone ta, ko ɓarawo ya zare makullin, kana iya wayar gari da famfunanka lafiya lau amma allo ya ƙi buɗewa.

Mu koma ga tafinta. Na'urori ma harsuna gare su. Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979, ya zama kamar Hausa a kasuwannin Afirka ta Yamma: mai sauƙi ne, ba a biyan kuɗin amfani da shi, kusan kowace na'ura tana ji. Profibus ya fito daga Jamus a 1989, DNP3 kuma a 1993, ana yawan amfani da shi a harkar lantarki da ruwa inda tashoshi ke nesa da juna. Da harsuna suka yawaita, sai a 1996 aka fito da OPC don ya zama tafinta na kowa. Abin lura shi ne, harshe yana iya zama kyauta amma tafintan na kuɗi. RSLinx Classic na kamfanin Rockwell yana da ƙaramin nau'i na kyauta wanda injiniya zai shirya PLC da shi, amma ba ya miƙa bayani ga allo ta hanyar OPC sai an sayi babba. Ga kuma tsufa. Tsohon OPC a kan Windows ya dogara. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, a Maris na 2023 kuma ya tsaurara tsaron hanyar da tsohon OPC ke bi tsakanin kwamfutoci, har ya zama dole masana'antu da yawa su sabunta manhajarsu. Madatsa takan yi shekara hamsin tana aiki, kwamfuta da ƙyar ta yi goma.

Sauƙin Modbus kuwa shi ne rauninsa, domin ba ya tambayar wane ne ya aiko da umarni. A shekarar 2000, a gundumar Maroochy ta Ostireliya, wani tsohon ma'aikacin kamfanin da ya kafa na'urorin ya yi amfani da rediyo da kwamfuta ya saki lita kimanin 800,000 ta ƙazantar masai cikin rafuka da wuraren shaƙatawa. A 2010 aka gano Stuxnet, wadda ta shiga manhajar Siemens ta ɓata injunan nukiliya a Iran. Kwafin sata da akan saya da araha a kasuwa yana buɗe irin wannan ƙofa, ban da cewa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kāre manhajar kwamfuta kamar yadda ta kāre littafi.

Ku ma'aikata da fayil zai biyo ta teburinku, ku tuna akwai ofishin tarayya na NOTAP, wanda aka kafa a 1979 da wani suna, aka sauya masa na yanzu a 1992. Shi ke rajistar yarjejeniyar shigo da fasaha, har da lasisin manhaja, kuma takardarsa ake nema kafin a aika kuɗin lasisi waje ta banki. Kafin a biya kason ƙarshe, a duba ko lasisin da sunan hukuma aka yanke shi ko da sunan ɗan kwangila. Ko na har abada ne ko na shekara-shekara, idan na shekara ne kuma a wane kasafi za a riƙa biyansa, da kuɗin wace ƙasa. A karɓi lasisin gini ko da guda ɗaya, da kwafin shirin da aka zuba a kowace PLC, da kalmomin sirri, da jadawalin da ya nuna wace lamba ce ke nufin wane famfo. A bar rarar tag domin faɗaɗawa. Sa'an nan, a gaban injiniyan hukuma, a kashe allon gaba ɗaya a ga ko ma'aikaci zai iya buɗe ƙofar ruwa ya tayar da famfo da hannunsa.