Cibiya Ɗaya, Garuruwa Uku: Yadda Ake Riƙe Aikin Binciken Tsufa da Na'urori a Amurka

A ƙasar Amurka, kamar sauran ƙasashen da magani ya yawaita, mutane suna daɗewa a duniya, har waɗanda suka haura shekara 65 sun zama babban kashi na jama'a. Ga shi kuwa sha'anin banki da na asibiti da aika saƙo duk sun koma kan kwamfuta da wayar hannu. Tsohon da bai iya su ba, sai ya zauna jiran ɗa ko jika, in kuwa ba shi da kowa kusa, to, ya shiga wahala.

Saboda haka ne a shekarar 1999 aka kafa wata cibiya da ake kira CREATE, don a binciki abin da ke hana tsofaffi amfani da waɗannan na'urori, da yadda za a ƙera su su dace da idon tsoho da hannunsa da tunaninsa. Kuɗin aikin daga Gwamnatin Amurka ne, ta hannun hukumarta mai kula da binciken tsufa, wadda aka kafa a 1974. Abin lura shi ne, cibiyar ba gini ɗaya ba ce. Da farko jami'o'i uku ne suka haɗa kai: Jami'ar Miyami, da Jami'ar Jihar Fulorida da ke Talahasi, da Kwalejin Fasaha ta Jojiya da ke Atalanta. Tsakanin Miyami da Atalanta kuwa ya fi mil 600 a mota.

Shugabar cibiyar ita ce Farfesa Sara Czaja, wadda a lokacin take Miyami. Akwai Neil Charness a Talahasi, da Arthur Fisk da Wendy Rogers a Atalanta, da Joseph Sharit a Miyami, daga baya Walter Boot ya shigo. Waɗansunsu masana halayyar ɗan Adam ne, waɗansu kuwa injiniyoyi. To, a nan wuyar shugabancin take. Kowannensu babban malami ne mai ofishinsa da almajiransa, kuma albashinsa daga jami'arsa yake fitowa. Shugaba ba ta da ikon korar kowa. Abin da ke hannunta shi ne shawara, da rabon kuɗi, da alkawarin da aka rubuta wa Gwamnati.

Bisa ga ƙa'idar irin wannan taimakon kuɗi, ana raba aiki gida biyu. Akwai ayyukan bincike, kowanne da mai jagorancinsa. Akwai kuma sassa na tarayya waɗanda ke yi wa kowa hidima, watau sashen mulki mai lura da kuɗi da taro da rahoto, da sashen da ke tara sakamako yana lissafi. Ba a ba da kuɗin sai na 'yan shekaru, kimanin biyar biyar. In wa'adi ya cika sai a sake rubuta takardar nema, waɗansu masana na waje su duba ta. Idan suka ga rassan kowanne ya kama gabansa, ba abin da haɗuwar ta ƙara, ba dalilin da zai sa a sake biya.

Babban abin da ya ɗaure rassan wuri ɗaya shi ne mudu guda. Duk wanda ya taɓa aikin ƙidayar jama'a ya san in wannan malami ya rubuta yara, wancan ya bar su, jimillar ba ta da amfani. Don haka tun farko aka shirya jerin tambayoyi da gwaje-gwaje iri ɗaya, na gani da ji da tunawa da saurin fahimta, da na yadda mutum ke ji game da kwamfuta, aka koya wa ma'aikatan kowane gari su yi su bisa tsari ɗaya. Albarkar wannan ta fito a 2006, sa'ad da suka buga sakamakon gwajin mutum 1,204, daga mai shekara 18 har mai 91. Da wuya jami'a ɗaya ta tara mutane iri iri haka ita kaɗai. Sun tarar ba yawan shekaru kaɗai ke hana tsoho ba. Tsoron na'urar da rashin amincewa da kansa suna da babban hannu a ciki, waɗannan kuwa koyarwa tana iya rage su.

Gwajin da ya fi nuna amfanin haɗin kan shi ne na wata manhajar kwamfuta da suka ƙera mai suna PRISM. An yi ta da sauƙi ƙwarai: wurin aika wasiƙa, da kalanda, da hotuna, da wasanni, da bayanin inda ake samun taimako a gari. Kafin a gama ta sai da aka sa tsofaffi suka gwada, aka gyara abin da ya ba su wuya. Daga nan aka ɗauki mutum 300 a garuruwan uku, masu shekara 65 zuwa sama, masu zama su kaɗai, aka raba su biyu da ƙuri'a. Kashi ɗaya aka kai musu kwamfuta gida aka koya musu, ɗaya kashin aka ba su irin wannan bayani a rubuce cikin kundi.

An buga sakamakon a 2018. Bayan wata shida, masu kwamfuta sun fi samun sauƙin kaɗaici, sun kuma fi jin suna da masu taimakonsu. Amma da aka sake dubawa bayan wata goma sha biyu, bambancin da ke tsakanin kashi biyun bai dore ba, ko da yake masu kwamfutar sun ƙware da ita fiye da da. Malaman ba su ɓoye wannan ba, sun buga shi tare da sauran, kuma wannan abin yabo ne, domin mai neman a sake ba shi kuɗi yakan so ya nuna nasara kaɗai.

Abin da suka koya sun tara shi cikin littafi don masu ƙera kaya, wanda aka fara bugawa a 2004, aka sake a 2009 da 2019.

Mutane kuma ba su zauna wuri ɗaya ba. A 2017 Rogers ta koma Jami'ar Ilinoi, a 2018 Czaja ta koma makarantar likitanci ta Weill Cornell a birnin Niyok. Da yake abin da ya haɗa cibiyar shiri ne da yarjejeniya, ba gini ba, sai kowace ta tafi da rabonta na aikin, hedkwata ta bi shugaba zuwa Niyok, reshen Miyami da na Talahasi suka ci gaba da nasu.