Wa Ke da Ikon Cewa Aiki Ya Kammala?

Manhajar tsara ayyuka, irin su Todoist ko Trello, a ido ba ta da wuya: ka rubuta abin da za ka yi, ka sa masa wa'adi, in ka gama ka soke. Wuyar tana wajen rabon nauyi tsakanin sassan manhajar, shi ya sa nake so mai koyo ya fara da takarda da biro kafin ya taɓa kwamfuta.

Salon gina manhaja a kan abubuwa ya faro ne daga Simula 67, yaren kwamfuta da Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙiro a ƙasar Norwe. Manufarsa ita ce kowane abu ya riƙe bayanansa, shi ne kuma zai sarrafa su. A wannan salon daga kilas ake fitar da abubuwa: kilas kamar abin buga bulo ne, sau ɗaya ake ƙera shi, kowane bulon da ya fito daga cikinsa kuwa abu ne mai zaman kansa.

A 1989 Kent Beck da Ward Cunningham suka kawo dabarar ƙananan katuna: kowane kilas da nasa, ɗauke da sunansa, nauyin da ke kansa, da abokan hulɗarsa. A manhajar tsara ayyuka, da farko katuna uku sun wadatar: Aiki, Jeri, da Mai Amfani.

Aiki ne uban tafiyar. Shi ke riƙe da suna da wa'adi da matsayi, wato ba a fara ba, ana kai, ko an gama. Kada a bar Jeri ko allon waya su sauya masa matsayi da kansu. Su nemi ya kammala kansa, shi zai duba ko ya dace, ya rubuta lokacin. Da haka, in matsala ta taso wuri ɗaya za a duba. "Ya makara" kuwa ba abin ajiyewa ba ne, domin gobe zai iya sauyawa. A gwada wa'adi da ranar yau duk sanda aka tambaya.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne aiki mai maimaituwa. Da yawa sukan yi saurin ƙirƙiro sabon kilas ya gaji Aiki, daga nan sai na mako, na wata, na gaggawa, abu ya cakuɗe. Ni na fi son a ware ƙa'idar maimaitawa ta zama kilas dabam, Aiki ya riƙa tambayarta rana ta gaba. Ita kaɗai za ta yanke inda biyan albashin ranar 31 ga wata zai faɗa idan Fabrairu ya kama.